Abin da fim ɗin Dune ya rage daga littafinsa

Duk wanda ya kalli kashi na biyu na fim ɗin Dune, wanda Denis Villeneuve ya fitar a 2024, a babban allo irin wanda muka samu a nan Yamai, zai yarda cewa an yi aiki na gani na faɗa. An ɗauki hotunan hamada a Jodan da Abu Dabi, kuma lokacin da ƙatuwar tsutsar hamada ta cikin labarin take keta rairayi, ƙarar da ke tashi sai ka ji ta har cikin ƙirji. Duk da haka akwai abin da fim ɗin ya yi wa rowa, kuma a ganina shi ne ƙashin bayan littafin da Frank Herbert ya wallafa a 1965.

Asalin labarin ya faro ne a 1957, lokacin da marubucin ya je jihar Oregon ta Amurka ya ga yadda ake shuka ciyawa domin tsayar da tuddan rairayi masu cinye hanya. Shi ya sa mutanen hamadar Arrakis, duniyar da labarin littafin ya gudana a cikinta, suke da wani buri da ya fi yaƙi girma: suna tara ruwa ɗigo-ɗigo a ɓoye, suna shuka ciyayi a bayan tuddai, alhali sun san cewa sai jikokin jikokinsu ne za su ga ƙasar ta yi kore. Fim ɗin ya nuna tafkin ruwan da suka ɓoye, amma ya wuce batun shukar da sauri ya koma kan wuƙaƙe da mulki.

Mu ƴan Nijar mun san wannan haƙurin da idanunmu. A Keita, cikin jihar Tawa, tun 1984 mutane, akasarinsu mata, suka riƙa ɗaukar duwatsu a ka suna jera su a gangaren tsauni domin ruwan sama ya tsaya ya shiga ƙasa. Wanda ya taɓa ganin manomi yana haƙa ramin rabin wata a kan fako, rana tsaka, diga tana tsalle saboda taurin ƙasa, ba zai ɗauki wannan ɓangare na labarin a matsayin ƙaramin abu ba.

Batun baƙi masu zuwa kwasar arzikin da ke ƙarƙashin rairayi kuwa, fim ɗin ya fito da shi sarai, kuma babu ɗan ƙasar da zai kalla bai tuna da Arlit ba, inda ake haƙar yuraniyom tun 1971. Na kuma yaba da yadda aka sa Chani, wata budurwa daga mutanen hamadar, ta ƙi amincewa da cewa baƙo ne zai ceci mutanenta. Sai dai da an nuna mana gonakinsu na ɓoye ko da na minti biyar ne, da mai kallo ya fahimci dalilin ƙin nata, domin mutanenta sun riga sun fara aikin ceton kansu tun kafin Paul, baƙon da ke jan ragamar labarin, ya sauka a ƙasarsu.