Wanda ya zo na ɗari ba rago ba ne

Wai "ragwaye". Haka mutumin nan ya kira su jiya a gidan kallo, waɗanda kuke wurin kun ji da kunnenku. An hasko tseren keken Faransa kafin a juya tasha zuwa ƙwallo, ya ga wasu sun iso bayan na farko da kusan rabin awa, shi ke nan ya yanke hukunci. Mutumin da ko masallacin unguwa sai ya tayar da babur! Sannu da aiki, alƙalin keke.

Malam, wanda ya zo na ɗari ba rago ba ne. Kowace ƙungiya mutum 8 take kawowa wannan tsere na Tour de France, amma galibi ɗaya ake so ya ci, shi ne jagora, sauran bakwai 'yan hidima ne. Su ke shiga gaba su tare masa iska, don wanda ya laɓe a bayan wani yana samun sauƙin kusan kashi ɗaya cikin uku na wahala. Duk wanda ya taɓa nufar Daura daga Katsina a kan keke da hunturu, iska na dukan ƙirjinsa, ya san abin da nake faɗa. Su ke komawa baya wajen motar ƙungiya, su cusa gorunan ruwa a riga har ta bayan wuya, su sake kutsowa cikin ayari su rarraba. Tayar jagora ta fashe, mota tana nesa, ɗan hidima zai sauka ya miƙa masa nasa keken, shi ya tsaya bakin titi. In an zo hawan dutse, ɗaya ya ja har numfashinsa ya ƙare, ya kauce, na bayansa ya karɓa. Wanda ya kauce ɗin shi ka gani yana lallaɓowa. Kuma dole ya iso kafin wa'adin ranar ya cika, in ba haka ba a sallame shi. Gobe da safe ya sake hawa. Rago?

Zango 21 ne, cikin mako uku, wajen kilomita 3,500. Lokacin kowa ake tarawa, mai mafi ƙaranci ya sa rigar ɗorawa. A 2017 Chris Froome ya lashe gasar bai zo na ɗaya a zango ko guda ba. A 1989 daƙiƙa 8 kacal ta raba na ɗaya da na biyu. Inda daƙiƙa 8 ke raba gardama, lissafa min darajar wanda ya wuni yana tare maka iska. Wallahi ni tausayi suke ba ni, su ci wuya a ɗora hoton wani. Shi ya sa al'adarsu mai nasara ya raba kuɗin kyautar da 'yan ƙungiya.

Na san za a ce ai ƙwaya suke sha. An ji, an ƙwace wa Lance Armstrong kambunsa 7 na wannan gasa a 2012 saboda ƙwayar, sai me? Ya hana iska kaɗawa? Masu cewa wasan Turawa ne kuwa, Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya ci zango 3 a 2024 ya tafi da koriyar riga ta wanda ya fi tara maki, a 2025 kuma a Kigali ta Ruwanda aka yi gasar tseren keke ta duniya.