Kwale-kwalen Yamai: Sai Ruwa Ya Ci Gari Muke Tunawa Da Shi

A watan Satumba na 2020, da kogin Neja ya cika ya tumbatsa ya shiga unguwannin Lamorde da Kirkisoye, ba mota ce ta fid da tsofaffi da yara daga gidajen da ke rushewa ba. Kwale-kwale ne, da masu filafili da gwangwala waɗanda kullum muke wuce su ta bisa gada ba ko sannu. Ruwa na janyewa muka koma gidan jiya.

Abin yana damuna, domin sana'ar nan ta girmi duk wani gini da muke alfahari da shi. A 1987 wani Bafulatani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta Najeriya, ya ci karo da jirgin da aka sassaƙa daga kututture guda, tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa kusan 8,000. Gadar Kennedy kuwa a 1970 aka buɗe ta. Kafin nan, wanda zai ƙetara zuwa Harobanda, ɓangaren Yamai da ke hayin kogi, sai dai ruwa ya ɗauke shi.

Yau gadojinmu uku, kuma ba na ƙin su. Amma gada ba ta kai mai lambu tsibiri, ba ta ɗora wa masunci taru. Ka je kasuwar Bubon, ƙauyen da ke bakin kogi kusa da Yamai, ran Laraba ka tsaya a bakin gaɓa: jirage ne ke sauke tukwane da kabewa da buhunan shinkafa. Sarkawa, waɗanda Zabarmawa ke kira Sorko, sun san inda yashi ya cike hanya, da inda dorina ke kwana, da launin ruwan da ke nuna zurfi. Ba a koyar da wannan a lakwal. Yaro yana samunsa ne a bayan jirgin ubansa, kuma ƴaƴan yanzu da yawa sun gwammace kabu-kabu.

Za a ce jiragen na kifewa, ana rasa rayuka. Gaskiya ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai yawanci lodin da ya wuce kima ne, da tafiyar dare, da katakon da ya ruɓe ba a sake shi ba. Maganinsa rigar ceto, da ƙayyade yawan fasinja a kowace mashiga, da sauƙaƙa wa maƙeran jirgi kuɗin katako.

Akwai abin da ba ya buƙatar miliyoyi. A gidan tarihi na Boubou Hama, dukawa da maƙeran azurfa suna aikinsu a gaban jama'a. Me zai hana a ba mai haɗa jirgi rumfa a can, ƴan makaranta su ga yadda ake jera katako, a buga ƙusa, a toshe kafa? Magajin gari kuma ya sa tseren kwale-kwale tsakanin unguwannin gaɓa duk shekara, cikin watan Janairu, sa'ad da kogi ke cike kuma rana ba ta da zafi.