Abin da ke tsakanin mai zanen Bauchi da baje kolin duniya

A baje kolin fasaha na birnin Venis na ƙasar Italiya, wanda ake yi duk bayan shekara biyu, Najeriya ta fara kafa rumfarta a 2017. Da ta koma a 2024 da masu fasaha takwas, cikinsu har da Fatimah Tuggar haifaffiyar Kaduna, galibinsu mazauna Turai da Amurka ne. Ga kuma wasu baje kolin fasahar: ART X Lagos tun 2016, 1-54 da aka fara a Landan a 2013, da Dak'Art a Dakar. Kasuwar ta buɗe wa Afirka, amma da wuya ka ga sunan wanda ke zaune a Bauchi, Azare ko Gombe a jerin.

Ba baiwa muka rasa ba. Zanen kan duwatsun Geji da na Shira, da ginin Babban Gwani a Kafin Madaki, sun isa shaida. Hasali ma a Zariya aka kafa ƙungiyar ɗaliban da suka sauya fasalin zanen Najeriya a 1958, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. A ganina abu biyu ke tauye mu: ba ma ajiye bayanin aikinmu yadda masu tsara baje koli ke buƙata, kuma ba mu da wurin da baƙo zai zo ya tarar da aikin a rataye.

Akwai masu cewa addini ne shamaki, saboda batun zana mai rai. Damuwa ce ta gaskiya, bai kamata a raina ta ba. Sai dai manyan ayyukan da duniya ke rububi yau da yawansu babu surar mutum ko dabba a ciki. El Anatsui, ɗan Gana da ya koyar a Jami'ar Nsukka tun 1975, da murafan kwalba da wayar tagulla yake saƙa manyan labulensa. Ya karɓi kyautar Zakin Zinare a Venis a 2015, ya kuma cika babban zauren Tate Modern na Landan a 2023. Ibrahim El-Salahi na Sudan daga rubutun allo ya samo salonsa. Wanda ya tashi yana ganin zayyanar allo, dagi a jikin soro da aska takwas a gaban riga, ba shi da uzurin cewa ƙofa a rufe take.

Misalin da ya fi dacewa da mu shi ne Ibrahim Mahama na Tamale a arewacin Gana. Da tsofaffin buhunan algarara ya yi suna, ya lulluɓe doguwar hanya da su a Venis a 2015. Da kuɗi ya shigo, gida ya koma ya buɗe cibiyar fasaha a Tamale a 2019. Yanzu masu tsara baje koli ke hawa jirgi su bi shi can. Ɗaki ɗaya mai farin bango, haske mai kyau, rufin da ba ya yoyo da mai kula da rajista zai yi wa Bauchi abin da bikin al'adu na kwana uku ba ya yi, domin biki yana watsewa, ɗaki kuwa yana nan.

Kafin ɗakin ya samu, akwai abin da ke hannun mai zane. Mai tsara baje koli ba zai fara da ganin aikinka ba, hotonsa zai gani. A ɗauka a inuwa da hasken rana, kyamara daidai tsakiyar aikin, ba filasha, ba kujera ko labule a gefe. Kowane aiki ya zo da suna, shekara, kayan da aka yi shi da su, da ma'auni a santimita, tsawo kafin faɗi. Ayyuka 10 zuwa 15 da ke magana ɗaya sun fi 40 da aka tsinto ko'ina. Mai tura hoton gwamna, da ƙauye, da furanni a fayil guda yana nuna bai san inda ya dosa ba. A haɗa da bayanin da bai wuce shafi ɗaya ba kan abin da ake yi da dalilinsa.

Kayan aiki ma suna kunyata mutane. Fentin gida a kan yadin da ba a yi wa shafen farko ba yana tsagewa cikin 'yan shekaru. Fentin mai yana son aƙalla wata shida kafin a sa masa banish, wato shafen ƙarshe mai kare fenti. Ƙurar hunturu tana manne wa aikin da bai bushe ba, danshin damina yana kawo fumfuna, gara kuwa tana cin firam ta baya ba a sani ba. A jingine ayyuka a tsaye, a ɗaga su daga ƙasa, kada su taɓa bango.

Wurin aikawa aka fi yin asara. Idan za a naɗe zane, fuskar fentin ta kalli waje, a kan bututu mai faɗin santimita 10 ko fiye. Naɗi ta ciki yana matse fenti ya karye. Kada leda mai ƙurajen iska ta taɓa fenti kai tsaye, tana barin tabo, a fara sa takarda mai santsi. Akwatin katako sai wanda aka gasa, mai hatimin ISPM 15 da ke shaida an kashe ƙwarin cikin katakon, in ba haka ba ana iya tsare shi a tashar ƙasar da za shi. A nemi takardar izini daga hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, wadda za ta tabbatar ba kayan tarihi ba ne, tun kafin a isa gaban kwastam. Dukawa kuma su kiyaye: fatar kada da ta mesa suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai tsara cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, ana ƙwace su idan babu izini.

Sai kuɗi. Gidajen baje koli kan ɗauki kusan rabin farashi, wannan al'adar kasuwar ce. Abin tsoro shi ne miƙa aiki ba rubutu. Takarda ta faɗi farashi, kason kowa, wanda zai biya jigila da inshora, da ranar dawo da abin da bai sayu ba. Wanda ya turo saƙo a Instagram yana neman ka biya dala kafin ya rataye aikinka a Landan, haya yake ba ka, ba zaɓenka ya yi ba, kuma masu tsara manyan baje koli ba sa ƙirga irin wannan a tarihin aikin mutum.