A Katsina a ce aljani ne, a Ingila a tambayi yarinta

Matar da za ta ga kaya a ɗakinta ba ta san lokacin da ta saye su ba, wata rana ta yi magana da muryar ƙaramar yarinya, ta ce ai ba sunanta ke nan ba, in a Katsina take, kafin magariba an kira mai ruƙiyya. A nan Ingila inda nake zaune, likitan ƙwaƙwalwa zai duba ko larurar da suke kira DID ce: mutum ɗaya ya rarrabu gida-gida, kowane ɓangare da halinsa, ga mantuwa mai tsanani a tsakani.

Ban raina addu'a ba. Su kansu likitocin Amurka, a kundinsu na cututtukan ƙwaƙwalwa na 2013, sun yarda larurar kan zo da kamannin shafar aljanu. Bambancinmu a tambaya yake. Mu mukan ce wa ya shige ta, su kuwa su ce me aka yi mata tana ƙarama. Galibi tushen abin azaba ce da aka daɗe ana gana wa yaro, duka ko fyaɗe, kuma sau da yawa mai laifin na gida ne. Ɗora wa aljani ya fi sauƙi, tunda ba shi da dangin da za a ji kunya.

Babu ƙwayar da ke warkar da ita. Zama ne da masani, wani lokaci na shekaru, kuma ba a fara da tono tsohon ciwo. Sai an samu wurin zama mai aminci, barci kan lokaci, da ɗan littafin da za ta riƙa rubuta abin da ta yi kada yini ya ɓace mata. Ta nan fa mun fi su. A nan Ingila mara lafiya kan yi watanni yana jiran layi, shi kaɗai a ɗaki. A gida salloli biyar sun tsara yini, ga inna, ga ƙanwa mai raka ta kasuwa.

Amma a Daura ne 'yan sanda suka fito da mutane cikin mari a Oktoban 2019. A Janairun 2023 Buhari, ɗan garin, ya sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, ga kuma asibitocin ƙwaƙwalwa a Kaduna, Kware da Dawanau. Sai dai in wanda take tsoro shi ne zai raka ta ya zauna a gefenta, likita ba zai ji komai daga bakinta ba.