Wai sai mai gida ya zo ya sa hannu kafin a yi mata aiki?

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a ɓangaren haihuwa a garin nan na Zariya ya san wannan maganar. Mace ta kwana ta yini tana naƙuda, ko jini ya ɓalle mata, ko jijjiga ta kama ta, likita ya duba yace sai tiyata, sai kaji uwar miji tace a dakata tukunna mai gidan ya tafi cin kasuwar Giwa wayarsa kuma bata shiga. Haka za'a zauna ana kallon agogo alhali ita matar da ranta ke hannun Allah idonta biyu, tana ji tana gani, amma ba wanda ya miƙa mata biro.

Toh a doka dai ba haka abin yake ba. Mace baliga mai hankalinta ita keda ikon sa hannu akan jikinta. Kotun Ƙoli ta faɗi haka tun 2001 a shari'ar Dakta Okonkwo, inda tace majinyaci baligi yanada damar amincewa ko ƙin magani, kuma abin lura majinyaciyar da akayi shari'ar a kanta mace ce da ta ƙi ƙarin jini bayan haihuwa. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 kuma ta hana ma'aikacin lafiya ƙin taimakon gaggawa ko da wane dalili. In ma ta suma ba wanda zai sa hannu, ƙa'idar aikin likita ta bashi dama ya ceci rai.

Ni bana ganin laifin likitoci gaba ɗaya gaskiya. Yaron likita da ke kwanan aiki shi kaɗai ƙarfe 2 na dare ya san in ya shiga da ita tiyata ba izinin miji aka samu akasi, ba kotu zai fara gani ba, dangi ne zasu cika asibitin da sanduna, kuma kuɗin aikin ma a aljihun mijin yake. Amma tsoro daban doka daban, kuma a 2020 kaɗai alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna sama da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka rasu wajen haihuwa a duniya ƴan Najeriya ne.

Ba wai a cire miji daga maganar nake cewa ba, aure ai ba'a yinsa haka. A gama maganar tun lokacin awo. Wata na bakwai nas ta sa a kira shi, a zaunar dasu su biyu a faɗa masu in abu ya rikice ga abinda za'ayi, ya rubuta amincewarsa a katin awo. Malamanmu na cikin birni da Tudun Wada su ma su riƙa faɗa a huɗuba cewa ceton rai baya jiran izinin kowa, don wlh wani magidancin ko likitan asibitin koyarwa na Shika ne ya faɗa masa bazai ji ba sai yaji daga bakin liman.