Wai simat kwantirak zai kori lauyoyi da alƙalai?

'Yan kirifto sun dame mu da cewa wai nan gaba kaɗan lauyoyi za su rasa abin yi, tunda ga simat kwantirak ya zo, wato yarjejeniyar da ake rubutawa da umarnin kwamfuta (kod) ta riƙa zartar da kanta, ba ruwanka da shaidu ba ruwanka da kotu, a rubuta kod a ɗora kan blokcen, wato rijistar da ke ajiye bayanan cinikin kirifto, shi ke nan. Ni dai ban yarda ba gaskiya.

Aikinsa zartarwa ne kawai. Shi kansa Nick Szabo, masanin kwamfutar da ya fara kawo maganar a shekarun 1990, da injin sayar da kaya ya kwatanta shi, ka jefa kuɗi ya sako maka abinka. Kuma a nan ya iya aikinsa, musamman bayan fitowar blokcen ɗin Ethereum a 2015, in sharaɗi ya cika kuɗi za su tafi, ba mai ce maka ka dawo gobe.

Amma yarjejeniya a idon doka ta wuce nan. Alƙali zai tambaya, mutum da yardarsa ya shiga ko tilasta masa aka yi? Ya mallaki hankalin kansa? An yaudare shi? Me suka nufa su biyun? Kod ba ya ganin ko ɗaya, wanda aka ritsa da bindiga ya danna da wanda ya danna da son ransa duk ɗaya ne a wajensa tunda makullin sirrin asusun mutum dai shi ne ya sa hannu. Ko kaya sun iso ko ba su iso ba ma bai sani ba sai an shigar masa da labarin daga waje, to in mai kawo labarin ya yi ƙarya fa?

Ku tuna The DAO a 2016, wani asusun zuba jari da aka gina da simat kwantirak a kan Ethereum. Wani ya gano kafa a cikin kod ɗin ya janye ether, wato kuɗin Ethereum, wajen miliyan 3.6, kuma fa kod ɗin ne ya ba shi dama, bai fasa ƙofa ba. Masu cewa kod shi ne doka ai da sai su bar masa. Ina! Yawancin mutanen Ethereum suka sauya blokcen ɗin don a mayar wa masu kuɗi kuɗinsu, waɗanda suka ƙi su ne suka ci gaba da tsohon, wato Ethereum Classic. Wato da ta yi zafi niyya suka duba, irin dai aikin alƙalin da suke cewa an daina yayinsa.

Ita ma doka ba ta ce a kori simat kwantirak ba. Jihar Arizona a Amurka ta amince da shi tun 2017, hukumar gyaran dokoki ta Ingila da Wales kuma a 2021 ta ce dokokin da ake da su za su iya ɗaukarsa. Saboda haka in cinikin mai nauyi ne a yi takarda tare da kod, a rubuta ƙarara wanne za a bi in sun saɓa, da kotun ƙasar da za a je, don wanda kuka ƙulla da shi wataƙila adireshin walet ɗinsa, wato asusunsa na kirifto, kaɗai ka sani.