Ranar Hutun Ɗan Tsere

(Hanyar Jiratawa, bayan kaka. Ɗan Tsere tsaye cikin matsattsun kaya da hular kwano, tayar bayan kekensa ta sace. Tsohuwa na tsinkar ganye jikin shinge.)

ƊAN TSERE: Salamu alaikum, Kaka. Akwai mai faci kusa?

TSOHUWA: A'uzubillahi! Angona, ɓarayi sunka tare ka, sunka bar ka da ɗan kamfai?

ƊAN TSERE: Kayan tsere ne. Yau ranar hutuna ce, na fito shan iska.

TSOHUWA: Hutu? Da wannan zufa? To ran aiki mi kake yi, noma da haƙori?

ƊAN TSERE: Kilomita 12 kacal na yi daga Maradi, sai ga wata tsinanniyar ƙaya.

TSOHUWA: Tsaidau ce. Ai ta cika sunanta, ta tsaida ka.

ƊAN TSERE: Wannan ciyawar fa, ta akuya ce?

TSOHUWA: Ni ce akuyar. Yaɗiya ce, ɗan nema. Rani duk kowa ya bushe, ita tana nan shar. A dafa, a zubar da ruwan ɗacin, a kwaɗa da ƙuli da albasa da ɗan yaji. Da da damina ka zo, da ka iske tafasa da gasaya da lalo, har a rasa hannun tsinka.

ƊAN TSERE: Mu 'yan wasa mun wuce nan. (Ya ciro gwangwani daga aljihun baya.) Kin ga wannan? Moringa. Jika biyar na saye. Cokali guda, ƙafa ta yi ta juya kamar injin markaɗe.

TSOHUWA: Miƙo in sunsuna. (Ta sunsuna, ta lasa.) Jika nawa ka ce?

ƊAN TSERE: Biyar.

TSOHUWA: Juya bayanka. Mi ka gani cikin garkar can?

ƊAN TSERE: Zogale.

TSOHUWA: To ka gaida Moringa. Dala ashirin nake saida tuli, har da gyara.

ƊAN TSERE: Amma nawa da rubutun Faransanci a jiki.

TSOHUWA: Ya tahi lakkwal ke nan. Namu jahili ne, amma ubansu guda.

ƊAN TSERE: (Ya dubi gefe, ya zabura.) Kai! Ga mangwaron daji, har ya kumbura!

TSOHUWA: Sake shi! Tumfafiya ce! Ciki iska ce da auduga, kamar alkawarin ɗan siyasa. Farin ruwan nan ya shiga idonka, sai dai a ja ka zuwa likita da sanda.

ƊAN TSERE: To wancan ɗan kurmin mai koren ganye?

TSOHUWA: Anza. Ita ba a yi mata gaggawa. Kwana da kwanaki ƙwayar na jiƙe, kana zubar da ruwa kana sakewa, kafin ɗacin ya fita. Shekarar 2005, bayan da fari da fara sunka haɗu, ita ta riƙe gidaje da yawa. Kai lokacin kana goye, kana yi wa uwarka fitsari a baya.

ƊAN TSERE: Allah kada ya maimaita.

TSOHUWA: Amin. Mi kake ta tsotsa tun ɗazu?

ƊAN TSERE: Dabino na tsinta ƙarƙashin itacen can mai ƙaya. Da zaƙi, da ɗan ɗaci-ɗaci a ƙarshe.

TSOHUWA: Dabino a kan ƙaya? Aduwa ce. Nawa ka sha?

ƊAN TSERE: Ban ƙirga ba. Ashirin dai sun yi.

TSOHUWA: Ka karya kumallo?

ƊAN TSERE: Moringa kawai na sha da ruwa.

TSOHUWA: (Ta ajiye ƙwarya a hankali.) Angona, wandon nan naka da ya haɗe da kafaɗa, ta ina ake kwance shi?

ƊAN TSERE: Sai an fara cire riga, sannan a sauke igiyoyin. Me ya sa?

TSOHUWA: Ba komi. Aduwa dai, in ta yi yawa, ba ta son zama wuri guda.

ƊAN TSERE: Wai kina nufin... (Cikinsa ya yi ƙugi kamar babbar mota a tashar Ɗan Isa.) Kaka, ina mai facin?

TSOHUWA: Ya tahi kasuwa, sai la'asar.

ƊAN TSERE: Riƙe mini keken!

TSOHUWA: Kada ka yi gabas, karangiya ce! Ka bi bayan gawon can! (Ta bi shi da ido, ƙura na tashi.) Ikon Allah. Da irin wannan gudu, ina ruwan yaron nan da keke?